Yawon tsibirai da jakar goyo: wayarka ba ta san halin teku ba

Duk mai yawan zama a TikTok ko Instagram ya san irin bidiyon nan: saurayi ko budurwa da jakar goyo, yau suna wannan tsibiri, gobe suna wancan, ruwa shuɗi kamar an zuba masa bula, kuma tafiyar gaba ɗaya ba ta wuce daƙiƙa 40 ba. Yawanci a Tailan ake ɗaukarsu, ko Filifins, ko Indonesiya. Ni ma na daɗe ina kallo ina haɗiyar yawu. Da na samu ɗan kuɗi daga wani shafin intanet da na gina wa wasu 'yan kasuwa, sai ni da abokina muka ce bari mu gwada namu. Asiya ta yi mana nisa, ga tsadar tikiti ga wahalar biza, sai muka zaɓi Cape Verde, ƙasa mai tsibirai 10 a cikin tekun Atlantika, kimanin kilomita 570 yamma da gaɓar Sanagal. Tana cikin ECOWAS, don haka ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, ko da yake ka shirya nuna tikitin komawa da wurin da za ka sauka in an tambaye ka a filin jirgi.

Ra'ayin da na dawo da shi ba zai yi wa wasu daɗi ba, musamman a shafi irin wannan da muke yabon waya safe da yamma. Mu matasa mun ba waya amanar da ba za ta iya riƙewa ba. Kusan duk manhajojin tafiya an gina su ne a kan zato biyu: cewa akwai sabis kodayaushe, kuma cewa lokacin da aka rubuta a jadawali shi ne lokacin da za a tashi. A cikin birni wannan zato yakan yi daidai. A tsakanin tsibirai kuwa, yau ya yi daidai gobe ya bar ka a tashar jirgin ruwa da jaka a baya.

Sai ka san yadda ƙasar take kafin ka gane abin da nake nufi. Cikin tsibiran 10, guda 9 ne ke da mutane. Babban birni, Praia, yana kan Santiago a rukunin kudu, tare da Maio da Fogo da Brava. A arewa akwai Sal da Boa Vista inda Turawa ke cika otal-otal, da São Vicente mai birnin Mindelo, garin mawaƙiya Cesária Évora, sai Santo Antão mai manyan duwatsu. Biyu daga cikin waɗanda masu jakar goyo suka fi so, wato Santo Antão da Brava, ba jirgin sama da ke sauka a kansu, an rufe filayensu tuntuni. Ta ruwa za ka shiga, ta ruwa za ka fito. Daga Mindelo zuwa Porto Novo a Santo Antão tafiyar kamar awa ɗaya ce kuma ana yin ta kullum. Brava kuwa wani labari ne daban.

Mun tsara kwana ɗaya tak a Brava. Na zana tafiyar a cikin kalandar wayata kamar yadda nake tsara aikin mako: Praia zuwa Fogo, kwana biyu a can mu hau dutsen Pico do Fogo mai tsayin mita 2,829, mu tsallaka Brava mu kwana a Nova Sintra, washegari mu dawo, mu kama jirgin samanmu na Dakar bayan kwana biyu. A allon waya komai ya zauna daram. Ranar da za mu fito, mai gidan da muka sauka, wata dattijuwa, ta gan mu muna ɗaure jaka, ta leƙa waje, ta girgiza kai ta ce yau ba jirgi. Na nuna mata wayata, ga jadawali nan yana cewa akwai. Dariya kawai ta yi. Muka biya mota muka gangara tashar Furna, muka tarar ba jirgi, teku ya yi fushi. Kwana uku muka ƙara a tsibirin.

Ban ga laifin kowa ba a kan soke tafiyar. A watan Janairun 2015 wani jirgin ruwa mai suna Vicente ya nutse dab da tashar Fogo, fiye da mutum 10 suka rasa rayukansu. Wanda ya san wannan ba zai yi wa matuƙin da ya ƙi fita cikin igiyar ruwa tsaki ba. Laifin nawa ne da na ɗauki jadawali a matsayin alƙawari. Kuma kar ka ce jirgin sama ya fi tabbas. Hazon nan na hunturu da ke hana jirage sauka a Kano, iska tana kwasarsa daga Sahara ta tsallaka da shi teku har can. Suna ce masa bruma seca, kuma yakan sa a soke jirage tsakanin tsibiran. Na yi mamakin na bar hazo a gida na je na tarar da labarinsa a tsakiyar Atlantika.

A waɗannan kwana ukun ne na ga kunyar sana'ata. Ni mai rubuta manhaja ne, da kaina na koya, daga bidiyon YouTube da kwana a gaban kwamfuta. Kuma sai da na tsaya a gaban mai duba tikiti, imel ɗina ya ƙi buɗewa, ɗan da'irar nan yana ta juyawa a allo, sannan na tuna cewa ni ma haka nake gina nawa. Duk abin da mai amfani ya taɓa, sai manhajar ta je ta tambayo uwar garke. In ba sabis, sai farin allo. Muna rubuta su ne a ɗaki mai Wi-Fi, muna gwada su a ɗaki mai Wi-Fi, sannan mu sake su ga mutumin da ke tsaye a bakin teku da sanda ɗaya ta sabis. Tikitin da ke cikin akwatin imel ba a hannunka yake ba tukuna. Sai ka sauke shi a matsayin PDF, ko ka yi masa sikirinshot, ko ma ka buga shi a takarda, sannan ya zama naka.

Batun taswira ma haka ne, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. GPS ba ya buƙatar data. Wayarka tana sauraren tauraron ɗan'adam ne kai tsaye, ko da ba layi a cikinta za ta san inda take. Abin da ke buƙatar data shi ne hoton taswirar da ake ɗora ɗigon nan shuɗi a kai. Google Maps yana barin ka sauke yanki, amma in ba intanet hanyar mota kawai zai lissafa maka, ba zai ba ka hanyar ƙafa ba. To a Santo Antão ƙafa ce komai. Hanyar da ke gangarowa daga ramin dutsen Cova zuwa kwarin Paúl, da wadda ke bin gaɓar teku daga Ponta do Sol ta ƙauyen Fontainhas zuwa Cruzinha, duk tafiyar awanni ce a kan duwatsu. Manhajoji irin su Organic Maps da OsmAnd, masu amfani da bayanan OpenStreetMap, suna sauke ƙasar gaba ɗaya har da ƙananan hanyoyin ƙafa, kuma suna lissafa maka hanya ba tare da data ba. Wanda ya sauke su tun a gida ya huta. Wanda ya ce sai ya isa can, to sai ya roƙi Allah Wi-Fin masaukinsa ya yi aiki.

Abin da ya fi tayar mana da hankali kuɗi ne. Kwana uku da ba mu shirya musu ba suna nufin kuɗin ɗaki da na abinci da ba mu ware ba. Katina ya ƙi aiki a na'urar cire kuɗi, na koma manhajar banki don in tura wa abokina, sai ta ce ta aiko lambar sirri ta saƙon tes zuwa layina na gida, layin da tun da muka sauka bai kama sabis ba. Ga kuɗi a asusu, ga ni ina ƙirga tsabar da ta rage a aljihu. Duk asusun da ya yarda ka yi amfani da manhajar tantancewa irin Google Authenticator, ka koma kanta kafin ka bar gida, domin lambobinta daga agogon waya ake lissafa su, ba sa jiran sabis. Wanda kuma dole sai ta tes, ka tabbatar layinka zai karɓi saƙo a ƙasar waje tun kafin ka hau jirgi. Sannan ka riƙe tsabar kuɗi. Kuɗinsu eskudo ne, an ɗaure shi da yuro a kan kusan 110. Wurare da yawa suna karɓar yuro, amma sukan lissafa maka shi a 100, ka ga ka yi asarar kusan kashi ɗaya cikin goma a banza. Gara ka canza ka riƙe nasu.

Na san abin da wani zai ce: Malam, ai ka sayi layin can kawai, matsala ta ƙare. Mun saya, kuma ya yi amfani sosai. A Praia da Mindelo sabis ɗin ba shi da laifi, har kiran bidiyo na yi da mahaifiyata. Amma layin can ba zai karɓar maka lambar bankin gida ba, ba zai bi ka cikin kwarin da duwatsu suka rufe ba, kuma ba zai kwantar da teku ba. Masu tallan eSIM ma su riƙa faɗin gaskiya: yawancin wayoyin da ke hannun matasanmu, masu sauƙin kuɗi, ba su da shi. Ka duba taka kafin ka biya.

Wani kuma zai ce to ai daɗin tafiyar ke nan, ka ajiye waya ka ɓace. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Baturen da ke faɗin haka yana da inshora da katin da ke aiki ko'ina, in ya rasa jirgi ya sayi wani. Ni in na rasa jirgin Dakar, kuɗin aikin wata biyu ne ya tafi. Kuma waya ta yi mana rana ba sau ɗaya ba. Fotugis da na sauke a Google Translate shi ya ba ni damar tambayar ko cachupa, abincin nan nasu na masara da wake, an sa masa naman alade, domin sau da yawa ana sawa, sai dai ka nemi ta kifi. Ko da yake a titi Kriolu ake yi, Fotugis ɗin ya isa a fahimce ka. Manhajar Windy kuma, duk lokacin da muka samu sabis, tana nuna hasashen tsayin igiyar ruwa, kuma a rana ta uku abin da ta nuna ya yi daidai da abin da dattijuwar ta faɗa. Bambancin shi ne ita ba ta buƙaci data ba.

Sauran ƙananan abubuwa ba sai na ja su ba. Soket ɗinsu irin na Turai ne mai ramuka biyu zagaye, kan cajarka mai ƙafa uku ba zai shiga ba sai da adafta. Fawa-bank mai 20,000mAh yana kusan 74Wh, ƙasa da iyakar 100Wh da kamfanonin jirgin sama suka saba yarda da ita, amma a jakar hannu ake sa shi. A tsakiyar teku ka danna alamar jirgin sama, domin wayar da ke ta laluben sabis tana shanye caji, GPS kuwa zai ci gaba da aiki. Rubutun IP68 da ke jikin kwalin wayarka a ruwan daɗi aka gwada shi, ruwan gishiri yana cin bakin caji, don haka leda mai zif ta fi wannan rubutun amfani a kan jirgi. Kuma agogon Najeriya yana gaba da nasu da awa biyu, ka tabbatar wayarka ta juya kafin ka saita ƙararrawar asuba.

Amma babban gyaran ba a cikin waya yake ba, a cikin kalanda yake. Bidiyon daƙiƙa 40 ya koya mana cewa gwaninta ita ce yawan tsibiran da ka taka. Mu mun so mu taka biyar cikin kwana 12, shi ya sa ba mu bar wa teku ko yini ɗaya ba. Da zan sake, uku zan zaɓa, in fara da mafi wahalar fita, in tabbatar kwana biyun ƙarshe ina kan tsibirin da jirgin komawata zai tashi. Kuma duk inda na sauka, kafin in buɗe manhaja zan tambayi mai gida da direban hayis yadda suka ga ruwa. Mun isa Praia awa shida kafin jirginmu, bayan mun sayi sabon tikiti daga Fogo da kuɗin da wani ɗan'uwan abokina ya turo mana, bashin da na yi wata biyu ina biya.

Da na dawo, aikin farko da na yi shi ne buɗe wata ƙaramar manhajar lissafin kaya da na gina wa wani mai shago. Na kashe data na danna ta, sai farin allo da da'ira mai juyawa. Mako guda na yi ina sake rubuta ta, yanzu tana ajiye bayanan ƙarshe a cikin wayar, ta rubuta a sama ranar da awar da ta samo su, ta kuma riƙe duk abin da aka shigar har sai sabis ya dawo ta tura. Mai shagon bai lura da canjin ba sai ranar da sabis ya ɗauke a kasuwarsu tun safe har la'asar, ya kira ni da daddare yana tambayar me na yi mata.