Zangon Fita da Amanar Sunaye

Duk wanda ya zauna a Minna tsakanin 5 ga Yuni 2021 da 13 ga Janairu 2022, watau watanni bakwai ɗin nan da gwamnatin tarayya ta toshe Twitter, ya ga yadda samari, tun daga masu gyaran waya na bakin kasuwa har zuwa ɗaliban Bosso da Gidan Kwano, suka laƙanci hanyoyin kewaye cikin 'yan kwanaki, har abin da a da sai gwanaye suka san shi ya zama hirar teburin mai shayi. Daga baya, a watan Yuli 2022, Kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa toshewar ta saɓa wa ƙa'ida. Amma akwai wata mas'ala da ba a tsaya an yi bahasinta ba a lokacin, alhali kuwa ita ce ta fi cancantar nazari: wasu daga cikin saƙonnin da suka kewaye shingen nan ta kan na'urar wani mutum suka bi, a wata ƙasa, wanda ya biya kuɗin lantarki da na layi daga aljihunsa, ya kuma ɗauki kasadar amsa tambayoyin hukumar ƙasarsa. Baƙi muka kasance a gidajen mutane. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da wata cibiyar ilimi a garin nan za ta ɗauki nata rabon na wannan hidima, bisa sharaɗin ta fara da sanin inda aikin yake lalacewa, domin wanda bai san illar abu ba bai kamata a danƙa masa amanarsa ba.

Daga cikin hanyoyin ɓoye sawu babu wadda ta kai Tor shahara. Asalin dabarar daga ɗakin binciken rundunar sojan ruwa ta Amurka ta fito a tsakiyar shekarun 1990, a hannun Paul Syverson da abokan aikinsa, aka saki manhajar a 2002, aka kuma kafa ƙungiyar da ke kula da ita a 2006. Tsarinta shi ne saƙo ya bi ta zango uku, kowane zango na'ura ce da wani ɗan sa-kai ya ajiye: zangon shiga ya san wanda ya aiko amma bai san inda aka nufa ba, na tsakiya bai san ko ɗaya ba, zangon fita kuwa ya san inda aka nufa amma bai san wanda ya aiko ba. Zangunan nan sun kai dubbai, mafi yawansu a Jamus da Amurka da Holan da Faransa, rabon Afirka a cikinsu kuwa ɗan kaɗan ne ƙwarai. Zangon fita shi ne mai nauyi, domin adireshinsa shi duniya take gani, shi ake zargi idan an yi ɓarna, kuma shi ne yake ɗauke da aikin da nake son in daɗe a kansa, watau neman adireshin sunan da aka ba shi.

Na'ura ba ta san suna ba, lamba ta sani. Idan mutum ya rubuta sunan shafin jarida ko na banki, wajibi ne a fara tambayar wata na'ura ta musamman lambar da sunan yake nufi, bisa tsarin DNS wanda Paul Mockapetris ya ƙirƙiro a 1983, kuma a cikin Tor zangon fita ne yake yin wannan tambaya a madadin mai saƙo. A ƙaddara ɗan aike ne ya ɗauko wasiƙa rufaffiya wadda ta bi ta hannu uku don kada a san mai ita, ya iso gari lafiya, sa'an nan ya tsaya a dandali yana tambayar mutum guda ɗaya, kullum shi, ina gidan wane; ko da ba a buɗe wasiƙar ba, mutumin nan na dandali ya san kowane gida da ake aika wa wasiƙa da sa'ar da ake aikawa, in ya ga dama kuma ya nuna gidan da ba shi ba. Wannan ba zato ba ne. A 2016 masu bincike daga jami'o'in Princeton da Karlstad da KTH ta Suwidin sun nuna cewa a wasu lokuta kusan kashi 40 cikin ɗari na tambayoyin sunaye masu fita daga Tor suna zuwa ne wurin na'urorin Google, masu lambar nan 8.8.8.8 da kowane mai gyaran kwamfuta ya haddace. Ba mugun nufi ne ya kawo haka ba. Sauƙi ne ya kawo shi, da lalacin masu zango waɗanda, da zarar sunaye sun ƙi warwaruwa, sai su rubuta lambar da suka sani su huta.

To, yaya mai zango zai gane cewa cutar daga sunaye take? Alamarta sananniya ce ga ma'abota sana'ar: zango yana raye, ana ganinsa a cikin jerin zanguna, layinsa bai yanke ba, amma masu bi ta kansa suna jira har shafi ya gaji ya ce ba a samu ba. Mai hankali ba ya fara da sauya komai. Yakan gwada isa wani wuri da lambarsa kai tsaye, sa'an nan ya gwada da sunansa. Idan lamba ta tafi suna ya tsaya, to an san ɗakin da cutar take. Daga nan sai ya duba wa na'urarsa take tambaya, domin sau da yawa takardar da ke ɗauke da wannan umarni takan koma yadda take a da bayan an kashe na'ura an kunna, ba tare da sanin mai ita ba. Idan na'urar kamfanin layi ake tambaya, akwai illa biyu. Ta farko, an gina ta ne domin buƙatar gidaje da ofisoshi, zango ɗaya kuwa yana iya yi mata ruwan tambayoyi irin na unguwa guda, sai ta fara jinkiri ko ta ƙi amsawa. Ta biyu ta fi muni, kuma ita ce ta shafe mu kai tsaye: na'urar kamfani tana bin umarnin hukumar ƙasar da take, saboda haka zangon da aka ajiye a Nijeriya a 2021, yana dogara da irin wannan layi, da ya gaji shingen Nijeriya ya ɗora wa baƙon da ya taho daga Iran ko Rasha yana neman mafita, ya tsere wa ƙofa rufaffiya a gida ya zo ya tarar da tamu. Manhajar Tor da kanta tana yin wani gwaji na hikima a kan haka, inda take tambayar sunayen da ta san babu su; idan aka ba ta amsa, ta gane cewa wanda take tambaya maƙaryaci ne, idan kuwa ƙaryar ta kai ga manyan sunaye sanannu, sai ta janye daga aikin fita baki ɗaya.

Maganin da masu kula da Tor suke ba da shawara a kansa shi ne mai zango ya ajiye nasa mai warware sunaye a kan na'urarsa, kamar manhajar Unbound, wadda take bin silsilar tambaya da kanta tun daga tushe, daga manyan na'urorin asali masu haruffa goma sha uku, zuwa masu riƙe da sunayen ƙasa irin .ng da hukumar NiRA take kula da shi, har zuwa mai sunan, ta kuma ajiye amsar na ɗan lokaci don kada a maimaita tambaya. Aikin bai fi 'yan sa'o'i ba ga wanda ya iya, amma yana buƙatar kulawa ta kullum, domin ita ma takan shaƙe idan an ƙuntata mata yawan ƙofofin da za ta buɗe a lokaci guda.

Ƙarancin zirga-zirga kuwa wata mas'ala ce dabam, kuma a nan ne gaggawa take ɓata wa mutane aiki. Sabon zango ba ya samun kaya mai yawa a kwanakinsa na farko, domin sai na'urori masu awo sun gwada ƙarfinsa, sun kai rahoto ga wasu 'yan na'urori masu fitar da jerin zanguna kowace sa'a, kafin a soma tura masa jama'a, kuma yakan ɗauki makonni kafin ya kai matsayinsa. Wanda bai san haka ba sai ya yi ta kashewa da kunnawa, yana ƙara wa kansa nisa, tun da dawwama a kunne tana daga cikin abubuwan da ake auna zango da su. Sai kuma a duba ko an bar ƙofofi 80 da 443, na shiga shafukan intanet, a buɗe, waɗanda in babu su ba a lissafa zango cikin masu fita. A duba agogon na'ura, don agogon da ya karkace yana sa a ƙi shaidarta. A duba ko layin yana da adireshi nasa na kansa, domin layukan wayar hannu da mafi yawanmu muke amfani da su suna haɗa ɗaruruwan mutane a kan adireshi ɗaya, wanda ba a iya kiransa daga waje. A Minna dole a ƙara da batun wuta. Abin mamaki ne, ko kuwa abin kunya, a ce jihar da ke da madatsar Kainji tun 1968, da ta Shiroro tun 1990, ga kuma ta Zungeru mai megawat 700, ita ce mai zango zai fara lissafin batir da farantan hasken rana kafin ya yi lissafin kwamfuta. Wata rana kuma laifin yana can ƙarƙashin teku, kamar yadda aka gani ranar 14 ga Maris 2024, sa'ad da igiyoyi huɗu suka katse a gaɓar Kwaddibuwa, ayyukan bankuna da dama suka samu cikas a Nijeriya. Wanda ya kwana yana kwance na'urarsa a daren nan wahalar banza ya yi.

Akwai wata fitina da take jiran mai gyara, wadda a ganina ita ce ainihin jarrabawar aikin. Hanya mafi sauƙi ta gano matsala ita ce a buɗe kayan da ke wucewa a duba, a rubuta sunayen da ake tambaya a ajiye. Mai zangon fita yana da ikon yin haka, kuma babu wanda zai gan shi. Malamanmu sun daɗe da bayyana haramcin tajassusi da bin diddigin al'aurar mutane, sun kuma sanya ajiyar da aka danƙa wa mutum cikin babin amana, wadda ba ta halatta a taɓa ko da mai ita ba ya nan; ƙa'idar masu Tor ma ta hana leƙen kayan da ke wucewa, kuma zangon da aka kama yana sauya saƙo akan yi masa alamar mugun zango a daina bi ta kansa. An ga masu ha'inci a fili: a 2020 an gano wata ƙungiya da ta mallaki kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin zangunan fita, tana karkatar da kuɗin intanet na masu wucewa. Mai gyara na gari yakan wadatu da ƙididdiga, watau tambaya nawa ta shiga, nawa ta dawo da amsa, nawa ta mutu a hanya, ba tare da ya san suna ko ɗaya ba. Ɗalibin da ya koyi gyara a ƙarƙashin wannan sharaɗi ya koyi abin da za a buƙata daga gare shi ranar da aka ba shi rumbun bayanan asibiti ko na hukumar jarrabawa, kuma kada a manta hedikwatar NECO a garin nan take.

Ba ina kiran wani saurayi a Tunga ko Kpakungu ya ajiye zangon fita a ɗakinsa ba, a'a, ina hana shi ne. A 2017 an kama wani malamin lissafi a Masko, Dmitry Bogatov, saboda rubutun da wani ya aika ta zangon da ke gidansa, ya yi watanni a tsare kafin a janye tuhumar a shekara mai zuwa. Aikin na cibiya ne mai lauya da hatimi da adireshi sananne. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, tana da sashe guda na ilimin tsaron intanet, kuma jami'o'i a wasu ƙasashe sun riga sun ɗauki irin wannan nauyi a matsayin ɗakin gwaji. Har wani ƙaramin ɗakin karatu a garin Lebanon na jihar New Hampshire ya yi haka a 2015, hukuma ta nuna damuwa, aka dakatar, mutanen gari suka taru suka yi muhawara, aka sake kunnawa.

Za a ce, kuma da hujja, jihar da ta sha wahalar 'yan bindiga a Shiroro da Rafi da Munya ba ta buƙatar ƙarin mafaka ga miyagu. Ban raina wannan magana ba. Sai dai mai garkuwa da mutane da wayar hannu yake kiran dangi yana cinikin fansa, a kan layin da aka yi wa rajista, kuma mugun da yake son Tor yana da dubban zanguna a Turai tun jiya. Rashin zango a Minna ba ya rage masa komai, mu yake rage wa masu sanin yadda abin yake aiki, ciki har da jami'an da za su bi sawunsa. A ɗaya gefen kuma akwai ɗan jarida mai binciken kwangila, da ma'aikacin da ya ga an ci dukiyar jama'a yana tsoron faɗa da sunansa, waɗanda sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya lamunce musu sirrin wasiƙunsu da maganganunsu.

Abin da ya rage shi ne batun doka, kuma shi ya kamata a fara da shi kafin a sayi ko da waya guda. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta wajabta wa masu ba da hidimar sadarwa ajiye bayanan zirga-zirga har shekara biyu, saboda haka lauyoyin jami'a su zauna da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa a tantance a rubuce ko zangon bincike yana shiga ƙarƙashin wannan hukunci. Idan amsar ba ta fito sarai ba, a fara da zangon tsakiya, wanda adireshinsa ba ya bayyana ga shafukan da ake ziyarta, ɗalibai su yi shekara suna koyon awo da haƙurin jiran sakamako a kansa. Ranar da za a buɗe na fita, a ware masa adireshi dabam da na sauran jami'a, a bar ƙofa ta 25 a rufe yadda manhajar take zuwa da ita don kada a aika tarkacen wasiƙu, a kafa Unbound a gefensa, a kuma kai wa kwamishinan 'yan sanda na jiha takarda mai bayanin abin da na'urar take yi da lambar ofishin da za a kira idan ƙorafi ya zo.