Kalmar Kyau Da Man Sāke Fata

Duk wanda ya tsaya a kasuwar Kende, cikin ƙasar Bagudo, zai ji harsuna dabam-dabam, gama nan ne Hausawa da Fulani da Dendawa da baƙi daga Jamhuriyar Benin ke cuɗanya. In an yaba yarinya, Bahaushe ya ce tana da kyau, Bafillace ya ce wooɗi, Bazabarme ya ce boori. Abin lura shi ne, kowace cikin kalmomin nan uku ita ce kuma ake yaba aiki nagari da ita. Watau a wurinmu kyan fuska da kyan hali sunansu ɗaya.

To, Turanci ba haka yake ba. Ingilishi suna da kalmar “fair”, wadda ta haɗa hasken fata da kyau da adalci. Yaron da ya tashi yana karanta ta cikin littattafai, ba wuya ya ɗauka fari shi ne kyau. Kamfanin Unilever kansa ya gane haka, har ya sāke sunan mansa Fair & Lovely ya zama Glow & Lovely cikin 2020.

Kowace al'umma da ma'auninta. A Uzbekistan, can tsakiyar Asiya, akan kwatanta kyakkyawar fuska da wata, mata kuwa tun dā sukan shafa ruwan ganyen usma don gira ta yi baƙi har ta haɗe. Mu nan wushirya muke yabo, wadda Bature kan biya likita ya toshe masa.

Amma fa kada mu ɗora wa Turanci laifin duka. Mu da bakinmu muka ce farar mace alkyabbar mata. Sai dai harshen da ya faɗi haka shi ne kuma ya san wankan tarwaɗa, ya san baƙa mai sheƙi. Waɗannan kalmomi ne ake neman mantawa, ga 'yammata suna ta shafe-shafen man sāke fata, alhali waɗansunsa na sa fata ta yi laushin da ba ta warkewa da wuri, waɗansu kuma na taɓa ƙoda.

Saboda haka muna roƙon malaman makaranta na Kende da Illo da Ka'oje, in darasi ya kawo su kan kalmar nan, su tsaya su rarrabe wa yara ma'anoninta uku, sa'an nan su sa su kawo sunayen launin fata da suka ji a bakin kakanninsu, a rubuta a allo.