Ƙarar giyar babur: a duba waje kafin a buɗe inji

Malam Edita, Ina roƙon fili a jaridarku don wata magana da ta shafi masu babur a Dakusa da ƙauyukanta, da 'yan kabu-kabun da ke jigila tsakaninmu da birnin Damagaram. Da zarar giya ta fara ƙara wajen sauyawa, abin da ake yawan ji a gareji shi ne sai an buɗe inji. Ni kuwa ina ganin a mafi yawan lokuta ciwon yana waje, inda hannu ke kaiwa ba a kwance komai ba, kuma gaggawar buɗe inji tana cin kuɗin talaka, wani lokacin ta bar masa matsalar da bai zo da ita ba.

Dalilina yana cikin yadda aka ƙera abin. Haƙoran giyar babur a sarƙe suke da juna kullum. Idan direba ya taka, wasu 'yan kunnuwa ne a gefen giya ɗaya ke zamewa su faɗa ramukan ta kusa da ita, kuma ba sa shiga lafiya sai kuloci, wato ambireyaji a bakin mutanenmu, ya raba inji da giya tsaf. In bai saki duka ba, ɓangare ɗaya na juyawa da ƙarfi ɗayan na tsaye, sai a ji ƙarar. Saboda haka wayar kuloci ce abin dubawa na farko. Hannun kulocin yana buƙatar wasa na milimita 10 zuwa 20 a bakinsa. In ya wuce haka, ko an matse shi har ƙarshe kulocin bai gama saki ba. Alamar a bayyane take: babur na jan jiki gaba alhali an riƙe kuloci, firi kuma yana wuyar samu in inji na aiki, amma da an kashe sai ya shiga cikin sauƙi. Gyaran nan juya noti biyu ne, ko sabuwar waya in yashi ya cinye tsohuwar. Bayan ita sai sarƙa, wadda a irin waɗannan babura ake so ta yi wasa kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, sai robobin da ke cikin cibiyar tayar baya, sai silo, wato gudun inji a tsaye, in ya yi sama. Ita kuwa ƙarar nan guda ɗaya da ake ji da safe in an sa giyar farko inji na sanyi, ba cuta ba ce, mai ne ya manne faifan kuloci cikin dare.

Baƙin mai shi ne inda maganar ta fi nauyi. A mota, man inji daban, na giya daban, kuloci kuma a bushe yake. A babura irin su Haojue da Kasea da Boxer, mai ɗaya ne, wajen lita guda, ke shayar da inji da giya da kuloci gaba ɗaya. Haƙoran giya na niƙa shi, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ga tafiya a rairayi da giya ta ɗaya da ta biyu ɗauke da buhunan hatsi, inji na ihu iska ba ta ratsa shi. Ƙurar hunturu ma tana shiga ta matatar iska in ta yage. Man da ya sha wannan wahala ba ya jiran lissafin kilomita na littafin kamfani. Akwai kuma bambancin da ba a cika faɗa wa mai saye ba: wasu mayukan mota na zamani an sa musu sinadarin ƙara santsi da ke sa kulocin babur zamewa, shi ya sa masu ƙera babura a Japan suka fito da ma'aunin JASO MA a 1998, ana kuma rubuta shi a bayan galan. Man da aka ɗura a kwalba aka jera a bakin hanya ba ya ɗauke da wannan shaida, mai saye bai san daga wace ganga ya fito ba.

Za a ce mani mai kabu-kabu da ke biyan mai babur kuɗin yini ba shi da halin sayen man galan. Maganar tana da ƙarfi, ban kuma raina ta ba. Amma lita ɗaya ake magana a kai, a kwatanta ta da kuɗin faifan kuloci da gasket da ladan makanike da kwanakin da babur zai yi a gareji ba ya kawo ko dala. Wasu kuma za su ce baburan China da Indiya haka suke, da ƙararsu aka kawo su. Gaskiya ne giyar babur ba ta shiru kamar ta mota, sai dai babur ɗin da ya yi shekara yana sauyawa lafiya sannan ya fara ƙara, wani abu ne ya sauya a jikinsa, kuma ana iya gano shi.

Makanikai za su ce sun fi mai wasiƙa sanin aikinsu, kuma wani lokaci dole a buɗe. Haka ne, kuma akwai alamun da ke nuna lokacin: giya na fita da kanta in an ba da wuta a hawa, ƙarar ta tsaya a giya ɗaya tak, ko a ga ɓarɓashin ƙarfe na ƙyalli cikin man da aka juye. Nan kam kunnuwan sun cinye ko cokalin da ke tura giya ya lanƙwashe. Abin da nake ƙi shi ne a raba inji biyu a ƙasa, cikin iskar da ke ɗauke da yashi, ba a taɓa waya da sarƙa da mai ba.

Roƙona ga shugabannin 'yan kabu-kabu, da cibiyoyin koyon sana'a, da gidajen rediyon jihar Damagaram, shi ne su riƙa koyar da wannan jeri na dubawa da Hausa. Makanike kuma, in zai juye mai, ya tare shi a kwano mai tsabta ya nuna wa mai babur kafin a yanke shawarar kwance ko da ƙusa ɗaya.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Dakusa