SHARHI: Sanƙarau da sa'o'in farko da ke raba rai da mutuwa

Duk shekara, daga Disamba zuwa Yuni, lokacin da ƙurar hunturu ke miƙa wa zafin bazara ragama, sanƙarau na komowa arewacin Najeriya. A 1996 ya kashe fiye da mutum 11,000. A ɓarkewar 2017, wadda ta faro daga Zamfara, an rasa fiye da rayuka 1,000. A lokacin ne gwamnan jihar, Abdul'aziz Yari, ya danganta annobar da zunuban jama'a, furucin da ya jawo masa suka.

Nau'in sanƙarau da ƙwayoyin bakteriya ke haddasawa na iya kisa cikin sa'o'i 24. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida da suka kamu na mutuwa, ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira kuma na iya kurmancewa ko samun wata nakasa. Saboda haka ran majinyaci ya rataya ne a kan saurin gane alamomi.

A wurin babba, alamomin su ne zazzaɓi mai zuwa farat ɗaya, matsanancin ciwon kai, sanƙarewar wuya, amai, ƙin haske da ruɗewar hankali. Jariri kuwa sau da yawa wuyansa ba ya sanƙarewa. Abin lura a wurinsa shi ne ƙin kama nono, kumburin maɗiga, kuka mai kaifi, jijjiga, ko barcin da ake shan wuya kafin a tashe shi. A gidaje da dama ana ɗaukar waɗannan a matsayin zazzaɓin cizon sauro ko shafar iska, sai a tsaya kemis ko a nemi rubutu, har sa'o'in da allurar asibiti za ta yi amfani su wuce.

Sai dai ɗora laifin jinkiri a kan iyaye kaɗai rashin adalci ne. Uwar da ta gane alamar tsakar dare a ƙauye tana buƙatar mota, da hanya mai tsaro, da ma'aikacin lafiya da zai karɓi ɗanta ba tare da an fara neman kuɗi ba. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ƙin kula da majinyacin gaggawa, ya kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Wannan doka ta kuma keɓe kashi 5 cikin 100 na asusun kiwon lafiya a matakin farko domin agajin gaggawa.

A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da rigakafin Men5CV, mai kariya daga nau'o'i biyar na cutar. Wannan ci gaba ne, amma rigakafi ba ya ceton wanda ya riga ya kamu. Kafin zafi ya kankama, ya dace matasa su tambayi gwamnoninsu motocin asibiti nawa ke aiki a kowace ƙaramar hukuma, da kuma inda kuɗin agajin gaggawa suka shiga.