SHARHI: Bashin Biki Ya Fi Biki Daɗewa

Duk wanda ya bi ta Titin Bauci ko Gangare ko Unguwar Rogo a nan Jos ran Asabar da yamma, musamman a 'yan makonnin da ke gabanin azumi ko kuwa a hutun ƙarshen shekara, ba ya bukatar a gaya masa cewa lokacin bukukuwa ya kama. Ga rumfuna an kafa a tsakiyar layi, ga kujerun haya, ga mata ayari ayari cikin anko, ga motoci an jera za a kai amarya. Abin gwanin sha'awa, mu ma ba mu ƙi ba, domin aure alheri ne, murna kuwa ba laifi ba ce. Amma muna so mu ja hankalin jama'a zuwa ga safiyar Litinin, sa'ad da aka kwashe rumfa, baƙi suka watse, aka bar uwar amarya ita kaɗai tana lissafin waɗanda ke bin ta.

Wakilinmu ya san wata baiwar Allah a unguwarsu, mai sana'ar waina, wadda ta aurar da 'yarta ta fari. Kafin biki ta kwashi adashi biyu, ta sayar da tumakinta, ta karɓi kujeru bashi wajen kafinta. Yau amarya tana goyon ɗa, amma kafinta bai daina sallama a ƙofar gidan uwar ba. Ga kuma ƙanwar amarya ta taso, har an fara zuwa zance. Ba ita kaɗai ba ce. Mai karatu ma in ya duba cikin danginsa zai sami irinta.

Kamar yadda kowa ya sani, abin da shari'a ta ɗora a kan mai neman aure shi ne sadaki, kuma malamanmu na mazhabar Malikiyya sun ce mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, watau zinariya da ta ɗara giram 1 da kaɗan. Sauran duka, daga kayan na gani ina so, da kayan sa rana, da lefe, da gara, da jere, al'ada ce. Ba mu raina al'ada ba. Abin da muke tambaya shi ne, me ya sa iyayenmu suka kafa ta tun farko, kuma har yanzu tana yin aikin da aka kafa ta dominsa?

Mu ɗauki kayan ɗaki, domin a nan ne maganar take. A da can, jeren amarya ƙore ne da tasoshi. Daga baya kwanuka suka shigo, irin su langa da fanteka da samira, aka riƙa jera su rututu har kusa da rufin ɗaki, gefe guda ga gado mai rumfa. Mazan wancan zamani sukan yi wa abin dariya, su ce ina amfanin kwano hamsin ga mai cin tuwo a kwano ɗaya. Amma matan sun san abin da suke yi. Waɗannan kwanuka su ne bankin mace. Nata ne, miji ba shi da iko a kansu. In ciwo ya zo, ko haihuwa, ko fatara ta leƙo, sai ta ɗauki saiti guda ta ba dillaliya, kafin la'asar kuɗi sun zo hannu. In aure ya mutu, ta kwashe abinta ta koma gida da ɗan abin kama sana'a. In kuwa Allah Ya sa ta zauna lafiya, ta rage wasu ta sa a ɗakin 'yarta. Ashe jere ajiya ce da uwa ke yi wa 'yarta don ranar da ba ta kusa.

To, yau fa? Kujerun yayi da labule da kafet da fentin bango da fitilun ado sun cinye rabin kuɗin. Ran da aka shigar da kujera ɗaki, ran nan rabin darajarta ta tafi. Bayan shekara biyu yayinta ya wuce, yara sun yi tsalle a kai, ko kyauta aka bayar sai an roƙi mai karɓa. Labule kuwa an ɗinka shi daidai tagar gidan haya, in mai gida ya ba da notis sai dai a yi tsumma da shi. Uwa ta ci bashi fiye da na kakarta, amma 'yar ta shiga gidan miji ba ta da abin da za ta ba dillaliya. Wannan shi ne abin da ya fi damun mu, fiye ma da tsadar kanta.

Ita tsadar kuwa ba a Jos aka ƙirƙiro ta ba. Dattawa suna tuna yadda kaya suka yi tashin gwauron zabi bayan ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, da tsuke bakin aljihun gwamnatin Shagari a 1982, da shirin SAP na Janar Babangida a 1986. Amma ko su sun yarda abin da ya biyo bayan cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, ya girgiza kowa. Litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Dalar Amurka da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta wuce Naira 1,500 a cikin 2024. A watan Yulin shekarar aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000, alhali a lokacin buhun shinkafa mai kilo 50 ya wuce haka.

Mai karatu zai ce ina ruwan lefe da dala. Ruwa da tsaki. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe tun 2002, sauran masaƙun Kaduna da Kano yawancinsu suka bi sahu. Atamfa da leshi da shadda da ake cika akwati da su, da shi kansa akwatin, da takalma da jakunkuna da turare, galibinsu daga ƙasar Sin ko Dubai ko Turai suke zuwa, su sauka a Kantin Kwari, kana a ɗoro su a mota zuwa Jos. Duk sa'ad da Naira ta faɗi, akwatin lefe ya ƙara nauyi a wuyan saurayi. Mu mutanen Jos muna da namu ƙarin. Tun da Babbar Kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairun 2002 aka shafe fiye da shekara 20 ba a sake gina ta ba, 'yan kasuwa suka warwatsu bakin titi da shagunan haya masu tsada, mai saye ne kuwa ke biyan bambancin. Haka nan tashe-tashen hankulan 2001 da 2008 da 2010 sun sa jama'a sun cunkushe a wasu unguwanni, ɗakin haya ya yi wuya. Ango bai gama da lefe ba, ga kuɗin haya na jiran sa.

Abin mamaki, maimakon bukukuwa su ragu da kuɗi suka yi wuya, sai ƙaruwa suka yi. Da mun san kamu da sa lalle da wuni da buɗar kai. Yanzu an ƙaro dina, da ranar ƙauyawa, da daren Larabawa, da liyafar ƙawaye, kowanne da zaurensa na haya, da mai kwalliyarsa, da mai hotonsa, da ankonsa. Shi anko ma aro muka yi wajen 'yan'uwanmu Yarabawa, amma ga alama mun fi mai kora shafawa. Mace guda sai a kawo mata anko uku cikin wata ɗaya, in ba ta yi ba a ce ba ta da zumunci. Maƙwabtanmu Birom da Angas da sauran Kiristocin Filato su ma suna kuka da nasu, tsakanin liyafar sallamar amarya da ta bayan coci. Ciwon na gari ne baki ɗaya.

Wa ke biya? Uwa ce ta farko, mun faɗa. Ta biyu ita ce yarinyar da ke ɗauke da farantin talla a tashar mota lokacin da tsararrakinta ke aji, domin an ce da kuɗin tallan za a yi mata kayan ɗaki. Tun zamanin shirin ilmin firamare kyauta na 1976 malaman makaranta ke kuka da wannan, har yau bai ƙare ba. Na uku shi ne saurayi mai sana'ar hannu da ya shekara talatin da biyar bai yi aure ba, da budurwar da ke jiran sa. Mu kuma faɗi gaskiya, yawancin wannan wahala tsoron gori ne ya haife ta. Dangin ango mata su ne ke shiga ɗaki su ƙirga kujeru, dangin amarya mata su ne ke zazzage akwati su ƙirga turame. Matan da suka sha wuya a bikin 'ya'yansu su ne kuma ke taɓe baki a bikin 'ya'yan wasu. Maza ma ba su fita ba, domin akwai angon da ke kama gida mai ɗaki uku ya zuba ido surukai su cika masa shi.

An sha ƙoƙarin gyara daga sama. A nan Jos aka kafa ƙungiyar Izala a 1978 ƙarƙashin Shaihu Isma'ila Idris, kuma yaƙi da almubazzaranci a bukukuwa yana cikin abin da ya jawo mata matasa da yawa. Gwamnatin Kano ta fara auren zawarawa ta hannun Hukumar Hisba a 2012, a Oktoban 2023 kuma ta aurar da mata 1,800 a tashi ɗaya, ta biya sadaki, ta ba da gado da katifa. Madalla da wannan. Sai dai wa'azi ya rage kiɗa bai rage akwati ba, gwamnati kuwa ba za ta iya yi wa kowace 'ya kayan ɗaki ba. Ɗan sanda ba zai shiga ɗakin amarya ya ƙirga kula ba. Gyaran yana hannun masu biki da masu zuwa biki.

Saboda haka muna ba iyaye mata shawara su koma wa dabarar kakanninsu. Kafin a sayi komai, a zauna da uban yarinya da dangin ango a faɗi abin da ake iyawa, a kuma je a ga ɗakin da za a kai ta, kada a yi odar kujeru bakwai don falon da ba zai ci uku ba. Gado mai ƙwari da katifa da tukwane da murhu su ne farko. Kafintocin Katako suna yin aiki mai kyau in an tsaya a kansu. Abin da ya saura, a raba shi biyu, kashi ɗaya ado, kashi ɗaya jari: keken ɗinki, ko injin taliya, ko injin markaɗe, ko tunkiya biyu a ba amintacce kiwo, ko ɗan kunne na zinariya komai ƙanƙantarsa. Zinariya ba ta bin Naira in za ta faɗi.

Game da adashi, abu ne mai kyau, amma a lura. Mata goma masu zubin Naira 5,000 a wata, kowacce za ta kwashi Naira 50,000. A shekara irin 2024, da hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari, wadda ta yi kwasar ƙarshe ba za ta sayi abin da ta farko ta saya ba. Don haka in an kwasa kada a ajiye kuɗi ƙarƙashin katifa ana jiran a sa rana. A juya su nan da nan su zama kayan da ba sa lalacewa ba sa kuma yayi, irin su tukwane da bokitai da bargo, kaɗan kaɗan tun yarinya tana makaranta.

Sai masu gudummawa, watau mu duka. Al'adar biki ta mata, ki kawo mini yau in mayar miki da ƙari gobe, bashi ce da aka yi wa lulluɓi, kuma tana da amfani matuƙar ba a mai da ita gasa ba. Amma wace hikima ce amarya ta tashi da fulas takwas da agogon bango biyar, alhali ba ta da tukunyar gas? Ƙawaye shida da za su kashe kuɗin anko da ɗinki da ɗaurin kallabi, in suka haɗa kuɗin wuri guda, sun kama hanyar saya mata keken ɗinki. Gwaggo ko inna ta tambayi uwar amarya abin da ya rage, ba abin kunya ba ne. A garin da hunturu ke sa mutum ya ji tsoron ruwan alwala, bargo mai kauri ya fi hoton bango. Fitila mai aiki da hasken rana, da babbar robar tara ruwa, da buhun gawayi, ba su da kyan gani a faifan bidiyo, amma amarya za ta tuna mai su kullum. Wadda kuma ba ta kammala sakandare ba, wani kawu ya ɗauki nauyin kuɗin jarrabawarta ya ce ga gudummawarsa. Ita gara, da ake ɗora wa iyayen da suka riga suka tsiyace, a bar ta ga mai hali, ango kuma ya furta da bakinsa tun wuri cewa ya yafe.

Muna kira ga limaman Juma'a da fastoci da masu unguwanni da ƙungiyoyin mata na Jos da Bukur su ɗauki wannan magana kafin lokacin bukukuwa mai zuwa. Muna kuma kira musamman ga masu hannu da shuni, domin daga gidajensu yayi ke saukowa. Ran da wani babban Alhaji ya aurar da 'yarsa da akwati biyu da walima guda, ya kuma sa aka sanar a wurin ɗaurin aure cewa haka ya ga dama, mai waina ta unguwarmu za ta sami abin da za ta faɗa wa dangin ango in sun zo ganin ɗakin 'yarta ta biyu.