Wanda Kuke Kallo a Waya Ba Sharlo Ba Ne

Akwai wata magana da ta zama karatun aku a bakin 'yan bokonmu, daga Damagaram har Kano: wai komai yana intanet. Da zarar mutum ya ji cewa ina sayen faifan tsofaffin fina-finan barkwanci waɗanda aka gyara, sai ya yi murmushin tausayi, ya ɗaga wayarsa, ya ce ai ga Chaplin nan kyauta. Ina so in yi jayayya da wannan magana, domin ƙarya biyu ce aka ɗinke wuri guda. Ta farko, ba komai ne ke intanet ba. Ta biyu, abin da ke can ɗin ma, yawancinsa gawar fim ce aka shafa wa hoda.

Bari in fara da ta biyun, don ita ce ta fi ba ni haushi.

Mu nan Nijar da Sharlo muka san Charlie Chaplin, sunan da Faransawa suka laƙaba masa. Tambayi duk wanda ka ga dama yadda fim ɗin Sharlo yake, zai ce maka: hoto dishi-dishi, zane-zane kamar ruwan sama na sauka, mutane na gudu fir-fir kamar kaji sun ga shaho. Har an ɗauka haka mutanen da suke tafiya. To ba haka aka yi fim ɗin ba. A zamanin fim marar magana da hannu ake juya kyamara, ana ɗaukar hoto 16 zuwa 20 da 'yan kai a daƙiƙa guda. Da fim mai magana ya zo aka tsayar da 24, tele irin tamu kuma 25 take nunawa. Idan ka ɗauki fim ɗin da aka yi a kan 18 ka kunna shi a kan 25, ka mayar da kowane motsi zabura. Gaskiya ne masu barkwancin kansu sukan rage juyin kyamara da gangan a wurin tsere don gudun ya ƙara zafi, amma wannan zaɓi ne, wuri-wuri ake yin sa. Mai kwafin banza shi kuwa daga farko har ƙarshe ya kora kowa a guje, har mai jinya a gado.

Barkwanci kuwa duk a kan lokaci yake. Duk wanda ya taɓa zama gaban gwanin ban dariya a dandali ya san cewa dariyar tana cikin ɗan shirun da ya yi kafin ya saki maganar. Ka cire shirun, ka bar surutu.

Sai yankan hoto. Tsofaffin fina-finan nan kusan murabba'i suke, tele da wayar yanzu kuwa masu faɗi ne. Don hoton ya cika allo, sai mai ɗorawa ya datse sama da ƙasa. Me ke ƙasan hoton Chaplin? Ƙafafunsa. Mutumin da rabin sana'arsa ke cikin manyan takalman nan da yadda yake karya kwana da ƙafa ɗaya, an yanke shi daga gwiwa. Buster Keaton ya fi shan wahala, domin shi yakan ajiye kyamara nesa don ka ga da idonka babu algus. A Steamboat Bill, Jr. na 1928 gaban gida sukutum ya faɗo masa, tagar sama ce kawai ta ratsa ta kansa ya tsira. A The General na 1926 kan jirgin ƙasa na gaske aka jefa cikin kogi daga kan gada mai cin wuta a jihar Oregon, ya kwanta can har lokacin yaƙin duniya na biyu kafin aka kwashe ƙarfensa. Idan hoton ya dagule, ka daina ganin nisan da ke tsakanin kafaɗar mutumin da katakon da zai iya kashe shi, to me ya rage? Wani abu ya faɗi, wani ya tsaya.

Na fi kafa hujja da ƙarshen City Lights na 1931. Yarinya makauniya mai sayar da furanni ta warke, ta taɓa hannun wani matsiyaci a bakin shagonta, ta gane cewa shi ne wanda ta ɗauka attajiri. Kyamara ta tsaya a kan fuskar Chaplin, yatsa a baki, tsoro da murna sun haɗu a ido. A kwafin da ke yawo a memori, fuskar farin tabo ce da ɗigo biyu baƙaƙe. Wanda ya kalli wannan ya ce fim ɗin bai burge shi ba, ban ga laifinsa ba, don bai gan shi ba.

Yanzu kuma an samu sabuwar annoba. Wasu samari masu kwamfuta suna ɗaukar waɗannan fina-finai su sa manhaja ta shafa musu kala, ta ƙirƙiro hotunan da ba a taɓa ɗauka ba don motsi ya yi santsi, ta goge fuska har ta koma kamar ta roba. Suna rubuta wa abin suna gyara. Gyaran ganga ne. Kwat ɗin Chaplin yanzu shuɗi, an jima ruwan ƙasa, kunnensa na canza launi duk sa'ad da ya juya. Gyara na gaske aiki ne na haƙuri irin na mai jinyar tsohon littafin ajami: a tattaro duk kwafin da ya rage a rumbunan ƙasashe daban-daban, a gwada su hoto bayan hoto, a zaɓi mafi kyau, a cire datti ba tare da an ƙara abin da babu ba. Cineteca di Bologna da ke Italiya, da ɗakin gyaranta L'Immagine Ritrovata, sun yi shekaru suna wannan aiki kan fina-finan Chaplin da izinin iyalinsa, daga baya suka shiga na Keaton. Kamfanin Lobster Films na Faris ya yi fama da gajerun fina-finan Chaplin na farko, waɗanda ya yi daga 1914 zuwa 1917. Irin wannan aikin ne kamfanoni kamar Criterion da Flicker Alley suke bugawa a faifai. Shi nake saye.

Faifai mai kyau kuma yana gaya maka abin da kake kallo. The Gold Rush guda biyu ne. Akwai na 1925 marar magana. Akwai wanda Chaplin ya sake fitarwa a 1942, ya cire rubutun da ke tsakanin hotuna, ya sa muryarsa tana ba da labari, ya rage tsawonsa, har sumbar ƙarshe ya cire. Kevin Brownlow da David Gill ne suka sake haɗa na asalin a 1993. Faifan Criterion ya kawo duka biyun, ka kalla ka yanke hukunci da kanka (ni dai na 1925 nake so, muryar ta yi yawa). Wanda ya tura maka a waya bai ma san biyu ba ne.

Mu koma ga ƙaryar farko, wai komai yana nan.

A 2013 ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar da rahoto kan dogayen fina-finai marasa magana da aka yi a ƙasar, kusan 11,000. Kashi 70 cikin 100 sun ɓace gaba ɗaya. Wannan a ƙasar da ta fi kowa kuɗi da kayan ajiya. Dalili sananne ne: har wajen 1951 da sinadarin naitiret ake yin zaren fim, abin da ke ruɓewa ya koma gari, idan kuma ya kama wuta ruwa ba ya kashe shi. A 1937 rumbun kamfanin Fox ya ƙone a New Jersey, mafi yawan fina-finansa na da suka tafi. Harold Lloyd, mai rataye a jikin agogo a Safety Last! na 1923, mutum ne mai adana kayansa, amma gobarar 1943 a rumbun gidansa ta cinye gajerun fina-finansa na farko da yawa. Wasu kuma ba wuta ba ce, kamfanonin ne da kansu suka narkar da su don tatsar azurfar da ke jiki, saboda a ganinsu fim ɗin da ya gama zagayen silima ya gama amfani. Laurel da Hardy, siriri da ƙato, sun yi Hats Off a 1927, ya samu karɓuwa sosai. Mai cewa komai yana intanet ya nemo mini shi. Hotuna tsayayyu kawai suka rage.

To wa ya ceci abin da aka ceta? Sau da yawa irin mutanen da kuke wa dariya ne, masu tara gwangwanayen fim a ƙarƙashin gado. The Battle of the Century na Laurel da Hardy, wanda aka yi jifa da dubban kek a cikinsa, ya yi shekaru da dama ba a da rabinsa na biyu cikakke, sai a 2015 wani mai tara fina-finai, Jon Mirsalis, ya gano shi cikin kayan wani mai tarawa da ya rasu. Wasu fina-finan Keaton an same su ne a ɓoye cikin gidan da ya taɓa mallaka, bayan ɗan wasa James Mason ya saye gidan. Jacques Tati ya ɗauki Jour de fête da kyamara biyu, ɗaya mai kala ɗaya marar kala, aka kasa wanke mai kalar a 1949. Don an adana zaren ne 'yarsa Sophie Tatischeff ta iya fitar da shi a 1995. Mai ajiya ba ya sanin ranar da abinsa zai zama shi kaɗai ya rage a duniya.

Za a ce mini yanzu zamani ya canza, akwai manyan dandalin kallo na biyan kuɗi, su ne rumbu. Haya kake yi, ɗan'uwa. FilmStruck, dandalin da aka kafa musamman don tsofaffin fina-finai, an rufe shi a watan Nuwamban 2018 don masu shi sun ga ribar ba ta kai ba. Fim yana nan yau, gobe yarjejeniya ta ƙare ya ɓace, ba wanda zai nemi shawararka. Ballantana mu da yawancin waɗannan dandali ba sa ma buɗuwa a ƙasashenmu, data kuma kamar zinariya, ga shi mun san yadda ake wayar gari a tarar sadarwa ta ɗauke. Faifaina, in dai akwai kuran ko batirin sola, ba ya neman izinin kowa.

Hujja ɗaya ce ta masu suka nake ɗauka da nauyi, ita ce tsada. Faifai guda da kuɗin kawo shi daga Turai yakan ci jikkunan da za su yi cefanen kwanaki, kuma a garin da ake neman hatsi, sai a yi hattara wajen yi wa mutane wa'azin Blu-ray. Na yarda. Kamfanonin ma ba su sa mu cikin lissafi ba: sun kasa duniya shiyya-shiyya, DVD ɗin Turai shiyya ta 2, namu na Afirka ta yamma shiyya ta 5, sai ka nemi na'urar da ke karanta kowane. (A Blu-ray dai mun yi sa'a, mu da Turai duk shiyyar B ce, amma na Amurka A ne.) Sai dai tsadar nan hujja ce ta a haɗa kai, mutum biyar su sayi guda, ko cibiyar al'adu da ɗakin karatun makaranta su ajiye. Fim marar magana ba ya buƙatar fassara. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakkol ba za ta yi dariyar Chaplin yana dafa takalmi yana cin igiyarsa kamar taliya, kuma ita ta fi mu sanin abin da yunwa ke sa mutum ya yi. Saboda haka ba ni da wani girmamawa ga mai tarawar da ke jera faifai cikin leda ba ya buɗewa, yana jiran farashi ya tashi. Wannan ɗan kasuwa ne kawai, kuma da irinsa ake zaginmu. Faifan da ba a kunna wa yaran unguwa ba, da shi da wanda ya ƙone a New Jersey duk ɗaya ne a wurinsu.

Abin da ya sa nake ɗaga murya haka shi ne muna maimaita kuskuren Amurkawan 1930 a kan namu, ido buɗe. Mustapha Alassane, ɗan ƙasar nan, ya yi Bon voyage Sim a 1966, inda kwaɗi suka zama shugabannin ƙasa suna ziyarar juna da fareti, ya yi Le Retour d'un aventurier a shekarar, ya yi F.V.V.A. a 1972 yana yi wa masu haukan mace da gida da mota da kuɗi ba'a. Ya rasu a 2015. Ɗalibi a Faris ya fi ɗalibi a Tawa, garin da mutumin ya zauna, samun saukin ganinsu. Shaihu Umar na Adamu Halilu, fim ɗin Hausa na 1976, sai da aka gyara shi tare da cibiyar Arsenal ta Jamus kafin aka sake nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Shi ya yi sa'a, an same shi.

Samanja fa? Karkuzu fa? Ƙasimu Yero? Ibro, Allah ya jiƙansa, ya rasu a Disambar 2014, ya bar fina-finai masu ɗimbin yawa a kaset da faifan bidiyo. Je ka nemi na farko-farkonsa yau. Abin da za ka samu kwafin kwafi ne, murya ta riga baki, tambarin tashoshi uku a kan fuskarsa, an yanke sunayen waɗanda suka yi aikin don a gajarta, ba shekara, wani lokaci sunan fim ɗin ma an canza don a ja 'yan kallo. Shagunan hayar kaset da suka taɓa cika kowane lungu sun koma wurin cajin waya, kayansu kuwa an zubar, ko yara na gara faifan a ƙasa. Kaset ba ya jure zafin bazara da ƙurar hunturu shekara talatin.

Don haka wanda ke da kwalin tsofaffin kaset da faifan Ibro a bayan ɗaki, kada ya bari a fitar da shi ranar shara. Ya ɗauke shi daga ƙasa saboda damina, ya nisanta shi daga rana, ya kwafe abin da ke ciki yadda yake ba tare da ya rage girmansa don ya shiga waya ba, ya ajiye kwafi biyu a gida biyu. Kwalin ma a adana shi, domin a jikinsa ne aka buga sunan kamfani da na darakta, kuma su ne abin farko da mai ɗorawa a YouTube yake yankewa.