Jirgin Mubarak Da Kundayen Da Ƙura Ta Rufe

A shekarar 2007 wani ɗalibin Fiziks na Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, mai shekara 24, ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu a Kano da tarkacen ƙarafa da injin tsohuwar Honda Civic. Jirgin bai wuce ƙafa bakwai a sama ba, amma labarinsa ya zaga duniya. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne, a gida ya yi aikin, galibi da ɗan abin da yake samu daga gyaran kwamfuta da wayoyi.

Tsararsa, waɗanda aka haifa daga 1981 zuwa 1996, sun shiga jami'a da intanet a hannu, amma suka tarar da tsarin da ba ya neman komai a wurinsu sai hadda. Malami ya ba da takardun darasi, ɗalibi ya haddace, ya amayar ranar jarrabawa. Wanda ya kawo wata hanya ta daban sau da yawa maki yake asara, don haka mai wayo ya koyi yin shiru. Kundin kammala karatu, inda ya kamata basira ta fito, ya zama sharaɗin karɓar takarda kawai: a buga, a yi masa bango, a jibge a ɗakin karatu. Mun sha ganin irin waɗannan kundaye, wasu ko buɗe su ba a sake yi ba.

Ga kuma yajin aikin ASUU: kusan wata huɗu a 2009, fiye da wata biyar a 2013, wata tara a 2020. Gwajin da aka bari rabi a ɗakin bincike ba ya jiran a sasanta.

Ba mu musanta cewa an yi yunƙuri. Hukumar Kula da Jami'o'i ta wajabta darasin koyon sana'a, sai dai a wurare da dama shi ma haddarsa aka koma yi. Asusun TETFund na dokar 2011 yana ba da kuɗin bincike, amma malamai ke nemansa.

Yau da yawa daga cikin tsaran Mubarak su ne malamai da shugabannin sassa. A ra'ayinmu, gyaran da ke hannunsu ba ya jiran Abuja. Kowane sashe ya zaɓi kundaye uku mafi inganci duk shekara, ya gayyaci masu masana'antun Sharaɗa da Bompai su gani da idonsu, ya kuma taimaki ɗalibin ya yi rajistar mallakar fasaharsa kafin ya tafi hidimar ƙasa.